Pamor: zane za mu ce, ko saƙar ƙarfe?

'Yan'uwa, kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya. Ina rubutu kan keris, wuƙar nan mai kaifi biyu ta Indonesiya da UNESCO ta karrama a 2005, sai na cije a yadda zan fassara "pamor" zuwa Hausa.

Sauran kalmomin ba su wahalar da ni ba. Warangka kube ne, empu maƙeri. Dapur, wato fasalin ruwan wuƙar, na ce "ƙira", ta kuwa zauna daram. Luk lanƙwasa ce, kuma kullum mara ake ƙirga ta: 3, 5, 7, har 13 ko fiye.

Pamor fa? Shi ne ɗigo-ɗigo da layukan nan masu haske a jikin baƙin ƙarfen. Maƙerin tsibirin Jawa na Indonesiya yakan haɗa ƙarfe da wani mai nikel (wani farin ƙarfe) a ciki, ya buga, ya ninka, ya sake bugawa, har su zama rufi kan rufi. Maƙeran fadar Surakarta da ke Jawa har da dutsen da ya faɗo daga sama kusa da Prambanan, a can Jawa, sun yi aiki. In an gama, sai a wanke ruwan wuƙar da asenik (wani sinadari mai guba) da lemun tsami, ƙarfen ya yi baƙi, nikel ya fito fari. Kowane salo da sunansa: beras wutah, shinkafar da ta zube, udan mas, ruwan saman zinariya. Masu tara tsofaffin wuƙaƙe da shi da ƙira suke kintatar zamanin keris, ta Majapahit ce ko ta Mataram, tsofaffin daulolin Jawa.

An ba ni shawarar "zane". Ban karɓa ba, don zane a bisa ake yin sa, kuma wannan ne ainihin abin da ke raba ta gaske da jabu: ta jabu da sinadari ake zana mata a fata. "Ado" ma haka. "Gauraye" ya kusa da ma'anar kalmar a bakin mutanen Jawa, sai dai bai nuna wa ido komai ba.

Ni dai zuciyata ta kwanta da "saƙar ƙarfe". Ku tuna saƙi: farin zare da baƙi sun shiga juna, ba ka kankare ɗaya ka bar ɗaya. Haka pamor yake, ko an goge sama yana nan a ciki. Sai mu ce, "Saƙar wannan keris shinkafa ce, ƙirarta lanƙwasa 9."

Iyayenmu maƙera, in kuna da kalmar da kuka gada a bakin zuga, ku faɗa mana, taku za mu bi.