Layi biyu, rauta ɗaya: wa ya taɓa raba musu hanya?

Mai kafe a Kano: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Layin intanet biyu gare ni, faiba da 4G, akwatin Linux ne rautar, wato na'urar da ke raba wa saƙonni hanya. So nake na'urorin POS su bi 4G, kwamfutocin kwastomomi su bi faiba. Na buɗe teburin hanyoyi na 100, na sa wa fakitin POS (ƙunshin bayanan da suke aikawa) alama a mangle, sashen fayawol da ake sa alama, na rubuta `ip rule add fwmark 1 table 100`. A tcpdump, manhajar leƙen fakiti, ina ganin amsa tana dawowa, amma POS shiru. Kwana biyu ke nan ina juya masu cirar kuɗi.

Injiniya daga Damagaram: Wa alaikumus salam Malam. Duba `rp_filter`, saitin Linux mai tantance ta inda fakiti ya shigo, kafin komai. In yana kan 1, amsa na shigowa ta 4G sai Linux ya leƙa babban tebur, ya ga ai hanyar wannan adireshin ta faiba ce, ya jefar da fakitin, ko uffan ba zai ce ba. Mayar da shi 2. Ni sati guda cur na yi ina zargin wayar kebul, har sabuwa na saya.

Mai MikroTik, Kaduna: Nawa ciwon daban ne. Da na koma RouterOS 7, manhajar rautar MikroTik, na zo sa sabuwar doka, ta ƙi karɓar sunan alamar, ashe sai ka fara ƙirƙirar teburin a `/routing table` da zaɓin `fib`, abin da ba ma yi a 6. Na gyara, sai shafuka suka riƙa buɗewa rabi su tsaya. FastTrack ne, gajeriyar hanyar ƙara gudu: haɗin da ya ɗauka ba ya sake bi ta mangle, sai fakitin su koma babban tebur. Sai da na cire masu alama daga cikinsa.

Malamar ICT a wata makaranta: Mu manhajar rautarmu pfSense ce, a cikin dokar fayawol ake zaɓar ƙofar fita. Ina sawa, ofishin shugaba ya daina ganin firinta, don har zirga-zirgar cikin gida dokar ta tura waje. Na sa wata doka a samanta ta adireshin cikin gida kawai, ba tare da zaɓen ƙofa ba. Daga sama ake karanta su, wadda ta fara dacewa ita ke aiki.

Injiniya daga Damagaram: Malama ta tuna min. In kana kallon kyamarorin shago daga gida ta 4G, haɗin za ka yi wa alama da CONNMARK, mai sa alama a kan haɗi gaba ɗaya, ba fakiti kaɗai ba. In ba haka ba buƙata ta shigo ta 4G, amsa ta fice ta faiba, wayarka ba za ta karɓa ba.

Mai kafe a Kano: Allah ya saka da alheri Injiniya, `rp_filter` ne. Yanzun nan POS ya fitar da rasit. Na rubuta shi a fayil ɗin saiti na sysctl.conf saboda ɗaukewar wuta. Kyamarorin kuma sai bayan Isha'i in an rufe shago.