Kwamfutata tana ɗaukewa idan ina juye kaset

Mai shagon juye kaset: Salamu alaikum jama'ar zaure. Wata hajiya ta kawo mini kaset ɗin MiniDV, irin ƙaramin kaset na kyamarar bidiyo, na bikin 'yarta, tana so in juye mata a filashi. Maigidanta da ya rasu yana ciki, shi ya sa hankalina ya tashi. Kwamfutar tsohuwa ce, Core 2 Duo, RAM 2GB, Windows 7. Sau uku ina ɗauka ta wayar FireWire, wadda ke haɗa kyamara da kwamfuta, kullum sai aikin ya tsaya wajen minti 18 zuwa 19. Jiya na ce bari in matse ɗan abin da na samu, wato in rage girman fayil ɗin, sai kwamfutar ta mutu ɗif. Ina tsoron yawan juya kaset ɗin ya cinye shi.

Oga mai gyara: Wa alaikumus salam. Ƙanina, cuta biyu ce nan, kada ka haɗa su. A ina kake zuba bidiyon?

Mai shagon juye kaset: A had-dis na waje, Oga, na USB.

Oga mai gyara: To duba tsarin ajiyar fayil ɗinsa, ina kyautata zaton FAT32 ne. Wannan tsarin ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce 4GB, shi kuwa DV, wato bidiyon irin wannan kaset ɗin, yana cin kusan 13GB a awa guda. Yi lissafi, daidai minti 18 ɗin nan naka ne. Kwashe kayanka tukuna, sannan ka mayar da shi tsarin NTFS, wanda ke karɓar manyan fayiloli. Ko ka zuba a had-dis na cikin kwamfutar in akwai wuri.

Anti mai haɗa bidiyon biki: Gaskiyar Oga. Kuma ɗana, ɗauka daban, matsewa daban. Ɗauko shi ɗanyensa da manhajar WinDV, ka rufe intanet da duk wata manhaja. Bayan ya sauka lafiya sai ka ba manhajar matsewa ta HandBrake, ka zaɓi salon matsewa na H.264. Kada ka kusanci H.265, ya fi ƙarfin kwamfutarka. Ni da dare nake barin tawa tana yi, a kan UPS saboda wuta.

Ɗalibin injiniya: Mutuwar nan ta jiya zafi ne, Yaya. Matsewa tana sa furosesa aiki ba hutu, in ta yi zafi sai ta kashe kanta. Buɗe kwamfutar ka hure ƙurar hunturu, ka sake man da ake shafa wa furosesa, na da ya riga ya bushe. Sa Core Temp, manhajar da ke nuna zafin furosesa, ka riƙa kallo. In ta sake mutuwa tana da sanyi, gwada lafiyar RAM da manhajar MemTest86.

Mai shagon juye kaset: Allah ya saka da alheri. FAT32 ne kuwa! Na buɗe kwamfutar, ƙura ta dunƙule a bayan fanka kamar auduga, iska ba ta wucewa sam. Yanzu kaset ɗin ya sauka cif, awa guda ba tsayawa. Anti, in na gama matsewa in goge babban fayil ɗin?

Anti mai haɗa bidiyon biki: A'a, ajiye shi. Ka faɗa wa hajiya ta kawo filashi mai 32GB, ka mayar da shi NTFS ko exFAT, ka zuba mata duka biyun.