Keken saƙar Mama ya faɗo a rabona, in gyara ko in sayar?

Ummu Sadiq, Rikkos:
Salamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san saƙar keke. Mahaifiyarmu ta rasu bayan babbar sallah, da aka zo rabon gado aka yi wa kayan ɗakinta kuɗi sai keken saƙarta ya faɗo a rabona. Brother ne KH-860, yana cikin akwatinsa a saman sif tun da ciwon kafaɗa ya hana ta aiki, an fi shekara goma. Na buɗe na ga allurai suna nan sai 'yan kaɗan da suka lanƙwashe, tsefen ɗora zare da ƙarafan nauyi da katunan zane duk akwai, littafin ne babu. Matsalar kan da ake turawa ya ƙi tafiya, in na matsa sai allurai su ɗago suna karo da shi. Wata maƙwabciyarmu ta taya dubu sittin. Ina yarinya na iya ɗora zare da jan layi amma ban taɓa haɗa riga da kaina ba. To in gyara in koya kafin sanyin Disamba ya shigo, ko in karɓi kuɗin in cika in sayi keken ɗinki? Kuma wa yake gyaran irin wannan a cikin Jos, ba mai keken ɗinki nake nufi ba.

Fati Dilimi:
Allah ya jiƙan Mama ya sa ta huta. Ni dai da za ki ji tawa ki koyi kwarashi kawai, allura ɗaya ce ba gyara ba ciwon kai, ga masu koyarwa nan cike a YouTube.

Hajiya Asabe:
Allah ya gafarta mata. 'Yar nan kar ki sayar da abin da uwarki ta ciyar da ku da shi. Irin su muka saya a kasuwar Taminus kafin gobarar 2002, har yau nawa yana aiki.

Anti Rifkatu, Bukuru:
Sannu da haƙuri ƙanwata. Abu na farko ki daina tura kan nan da ƙarfi, haka ake karya allura. Keken ki ba lalacewa ya yi ba, soso ne ya mutu. Ki duba gefen keken, akwai wani dogon ƙarfe siriri da ya ratsa ta saman allurai daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ki tura shi da bayan biro ki zaro ta ɗaya gefen. A jikinsa akwai soso wanda shi ne yake danne allurai 200 ɗin nan su kwanta, in ya daɗe a ajiye sai ya narke ya manne ya zama kamar ƙanzo, shi ya sa suke ɗagowa. Ki kankare tsohon tas, ki je wurin masu kushin su yanko miki sabo daidai faɗin ƙarfen, ki manna ki rufe samansa da ribon siriri saboda kar allura ta riƙa cin soson. Wajen mayarwa soso ƙasa yake kallo, kina turawa kina danne allurai da ɗayan hannun. Su kuma allurai ki cire su ki jiƙa a sipirit da ɗigon man keke ki goge, waɗanda suka lanƙwashe ki musanya da na can ƙarshen gefe tunda ba kullum saƙa take kaiwa can ba. Littafin kuma ki rubuta lambar keken a intanet za ki samu kyauta.

Baban Walid:
Hajiya duk wannan dogon zance ne. Ki kawo min kan in jiƙa shi a kalanzir ya kwana, da safe zai yi gudu. Shekara ashirin ina gyaran keke a Bauchi Road.

Anti Rifkatu, Bukuru:
Malam keken ɗinki kake gyarawa, ta ma faɗa tun farko ba shi take nema ba. Kan wannan akwai roba a ciki da ƙananan sifirin, ba a tsoma shi gaba ɗaya. Tsohon mai ne ya daskare, a ɗumama shi kaɗan da abin busar da gashi a riƙa motsa maɓallan a hankali yana saki.

Baban Walid:
Ƙarfe dai ƙarfe ne Anti. Ku mata kuna aiki da keke mu kuma cikinsa muka sani.

Maman Hanifa:
Hmmm cikinsa kuka sani wlh, shi ya sa nawa ya dawo ba ciki. Ummu Sadiq ni ce zan ba ki labarin sana'ar nan. Nawa KH-830 ne, na kai wa wani mai gyara saboda kati ya daina juyawa, da ya dawo sai na ga allurai sun bambanta, ashe ya cire na asali ya cusa min na wani kamfani, kuma allurar Brother da ta Silver Reed ba sa hawa keken juna, kullum zare na zubewa. Na haƙura na nemo wasu daga Kano. Ina cikin haka wata makarantar kuɗi ta ba ni aikin suwaita 150 ruwan bula da farin layi a wuya, mai makarantar ta ce in fara da kuɗina in na kawo za a biya ni gaba ɗaya. Na kwashe adashena na ƙara da bashin ƙanin mijina na sayo ulu, ni da yarana biyu muna kwana a zaune ana haɗa hannu da wuya da allura, kafaɗata har yau ba ta koma daidai ba. Da na kai sai aka ƙirga aka karɓa aka ba ni rabi, wai sauran sai iyaye sun biya. Zangon ya ƙare na koma aka ce mai makaranta ta yi tafiya, na sake komawa aka ce ai an canja kala zuwa kore, sauran da ba a sayar ba in zo in kwashe kayana, alhali da bajen makarantar ɗinke a ƙirji, wa zan sayar wa? Suna nan a buhu a ɗakina. Maganar ta kai har gaban surukata saboda bashin. Ni yanzu keken yana ƙarƙashin gado ko kallonsa ba na son yi.

Hajiya Asabe:
Innalillahi. Allah ya saka miki. Amma ke ma da kin karɓi kuɗin ulu kafin ki fara, mu a da haka muke yi.

Maman Hanifa:
Hajiya a zamaninku masu saƙa nawa ne a gari? Yanzu in kin ce sai an ba ki kafin alƙalami gobe an ba wata.

Ɗan Gangare:
Anti Maman Hanifa ki fito da buhun nan ki raba wa gwauraye, mu ko da baje ne za mu sa, sanyin Janairu a Jos ba ya tambayar makarantar da ka yi. Kuma Ummu Sadiq kar ki sayar, shi kaɗai ne keken da cire tallafin mai bai taɓa ba, ba ruwansa da NEPA kuma.

Zainab Anguwan Rogo:
Kai dai ba a magana mai muhimmanci ka bari. Maganar dubu sittin kuwa wlh cuta ce, na tambaya a Kano irinsa na hannu dubu ɗari biyu da hamsin aka ce min.

Fati Dilimi:
Wane ɗari biyu da hamsin, yayata ta sayi nata dubu arba'in da biyar a wurin wata da za ta tashi zuwa Abuja.

Zainab Anguwan Rogo:
Yaushe? Dala tana nawa lokacin? Kuma wanda aka sayar don tashi ai ba farashi ba ne.

Anti Rifkatu, Bukuru:
Ku duka kuna da gaskiya, ya danganta ko yana da na ƙasa, wato ƙarin layin allurai da ake haɗa wa keken, mai yin saƙar roba ta wuya da ƙugu, shi kaɗai kuɗi ne. Kamfanin Brother ya daina ƙera keken saƙa tun kafin shekarar 2000, duk wanda kika gani a kasuwa na hannu ne, sabo akwai Silver Reed irin SK280 kuma kuɗinsa ba na wasa ba ne. Wadda ta taya sittin ta san abin da ta gani.

Ummu Sadiq, Rikkos:
Na gode ƙwarai Anti, na zaro ƙarfen yadda kika ce, soson ya lafe har yana manne wa yatsa. Kaurin sabon kamar yaya zan ce a yanko? Kuma ulun da ake sayarwa ƙulli ƙulli zai hau ko sai wanda aka naɗe a kon? Na ƙasan babu, ban ma taɓa ganinsa wurin Mama ba.

Maman Twins:
Ni abin da yake ƙona min rai ma, mu iyaye dubu tara ake karɓa a hannunmu suwaita ɗaya kuma dole a makaranta za ka saya, in ka sayo a Katako mai kyau mai kauri a kore yaro gida wai ba yunifom ba ne. Ashe mai saƙar ko rabin haka ba ta gani.

Maman Hanifa:
Rabi? Dubu biyu da ɗari biyar muka yi da ita, ulu ma a ciki.

Malama Hauwa:
Dan Allah kar a haɗa duka makarantu a yi musu kuɗin goro. Inda nake koyarwa sai an biya mai saƙa ake raba wa yara, kuma iyaye ma suna da nasu, wani har yaro ya gama firamare bai cika kuɗin suwaitar aji ɗaya ba.

Maman Twins:
Malama to ku bari mu sayo a waje mana in ba riba ake nema ba. Nawa biyu ne, wanki uku wuyan ya saki hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, na mayar aka ce wai ni na wanke da ruwan zafi. Kuma bana an ce har safa da hula sai na makaranta.