Da gaske ne ana sace ƙoda in an yi binciken gawa?

Ɗan Fagge: Salam 'yan uwa. Kawuna ne ya yanke jiki ya faɗi a shago satin da ya wuce, da safe lafiyarsa ƙalau har koko muka sha tare, kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Likita ya ce ko za mu bari a buɗe shi a ga sanadi, gwaggo ta ce sam, ƙodarsa za su kwashe, haka aka kai shi makwancinsa bayan la'asar. Abin ya tsaya min a rai wlh, wai da gaske ana yin haka?

Maman Ilham: Allah ya jiƙansa ya ba ku haƙuri. Ni nas ce, ƙanina maganar nan ba ta da tushe. Ƙoda in jini ya daina zuwa mata cikin ɗan lokaci take lalacewa, gawar da ta yi awanni a kwance ba wanda za a dasa wa ƙodarta, ko kyauta aka ba ka. Abin da suke yi, ana tsaga daga ƙirji zuwa mara, a duba zuciya ko jijiyarta ta toshe, a duba huhu, a auna hanta wadda ta babba kusan kilo 1.5 take, saifa tana hagu ƙarƙashin haƙarƙari, in ana zargin guba a duba tumbi da jini, sai a yanki ɗan mitsitsi don madubin likita, sauran a mayar a ɗinke. Yawanci awa 2 zuwa 4 an gama.

Abu Hanif: Amma Anti akwai hadisi a Abu Dawud cewa karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye, to gwaggo ba ta yi laifi ba. Sai dai majalisar manyan malaman Saudiyya tun 1396 Hijira ta halatta buɗe gawa in ana binciken kisa ko annoba.

Sarkin Fawa: Ni dai lissafin Anti ya min daidai, haka cikin rago yake lol

Ɗan Fagge: Na gode Anti. Abin da ke damuna baban su kawun ma haka ya tafi farat ɗaya, in ciwon zuciya ne na gado fa?

Maman Ilham: To kar ka zauna, kai da 'ya'yan kawun ku je a auna hawan jini da suga a yi muku gwajin zuciya, kuma ka faɗa wa likitan zancen kakan naku.