Wane farashi zan sa wa sukarin da na sayar kafin mu raba riba?

Ɗan Singa: Assalamu alaikum. Yayana ne ya zuba jari, ni nake zaman shago, riba mu raba biyu. Na sari buhu 40 na sukari a kan 70,000, daga baya na ƙaro buhu 60 a kan 80,000. Na sayar da buhu 70 a kan 85,000. Duk a sito ɗaya suke, sun gauraya. Da wane kuɗin sari zan fitar da riba? Jumma'a za mu zauna.

Mai Katan: Wa alaikumus salam. Ka sayi manhajar lissafi kawai, ka huta.

Akanta Zariya: Malam, hanya biyu ce a gabanka. Ta farko FIFO, wato abin da ya fara shiga shi ya fara fita: buhu 40 a 70,000, buhu 30 a 80,000, kuɗin kayan da ka sayar 5,200,000 ke nan, riba 750,000. Ta biyu matsakaicin farashi: jimillar kuɗin sari 7,600,000 ka raba wa buhu 100, kowanne 76,000, riba 630,000. Akwai LIFO, mai fara cire sabon sari, amma IAS 2, ƙa'idar duniya ta lissafin kayan sito da Najeriya ke bi, ta hana shi, a Amurka ake yarda da shi. Kar ka manta kuɗin mota da na dako, cikin kuɗin sari suke. Wadda kuka zaɓa ku tsaya a kanta kowace shekara.

Baba Dawanau: Ɗana, irin wannan riba ta takarda ce ta karya ni. A 2023, bayan cire tallafin mai, ina da buhun masara 200. Na sayar, na lissafa da tsohon farashi, riba ta fito mai kyau, muka raba da abokin kasuwancina, ya tafi da nasa. Da na koma sari, kuɗin da ya rage buhu 130 kaɗai ya saya. Ashe jarin muka cinye muna murna. Na nuna masa, ya ce shi dai abin da ke littafi ya karɓa. Shekara goma sha ɗaya muna tare, yanzu ko gaisuwa sai a wurin jana'iza. Har yau ban mayar da buhu 70 ɗin nan ba.

Hajiya Mai Atamfa: Allah ya mayar da alheri, Baba. Mu a Kantin Kwari da farashin yau muke lissafi.

Mai Katan: Wai sukari 80,000? Ni 74,000 na ɗauko.

Ɗan Singa: Wane kamfani, kuma yaushe? Ba a ba ni haka ba.

Bakatsine: 74 ɗin ma an cuce ka.

Akanta Zariya: Hajiya, farashin yau na sa kuɗin sayarwa ne, ba na fitar da riba ba. Baba kuma ba lissafin ne ya cuce shi ba, raba ribar duka aka yi ba a bar wa jari komai ba.

Baba Dawanau: Yallaɓai, ka taɓa kwana da buhu ɗari a sito farashi yana gudu?

Akanta Zariya: Littafin shaguna tara nake riƙewa, Baba.

Bakatsine: Ni FIFO ɗin da na sani ɓerayen sitona ne, su suka fara shiga amma sun ƙi fita 😂

Hajiya Mai Atamfa: Ɓera mai ƙafa biyu ya fi ciwo. Ɗan Singa, ka ƙirga ragowar da hannunka? Buhu 30 ne a ƙasa ko a littafi? In ka haɗa kayan farko da sari ka cire ragowa, duk abin da aka sace ya shige cikin wanda aka sayar, ba za ka gane ba. Turmi goma sha biyu na rasa haka a hannun yaron shago.

Mai Katan: Yaran shago da sauƙi, Hajiya. Masu karɓar kaya bashi su ɓace fa? Mutum ya ɗauki katan ashirin tun azumi, sai ya biya da tsohon farashi bayan babbar salla.

Ɗan Singa: Ni ma buhu 12 cikin 70 ɗin bashi ne. To shi kuma yaya zan yi da shi ranar Jumma'a?