Taƙaitawa: Inda Tarihi Ya Tsaya a Labaran Asterix

Ga abin da na tattaro daga doguwar muhawarar da aka yi kan yadda mai karatu zai rarrabe tarihi da raha a labaran Asterix, wato labaran zane na barkwanci kan wani ƙauyen Golawa da ya gagari Rumawa, waɗanda marubuci Goscinny da mai zane Uderzo suka fara wallafawa a Faransa a 1959.

1. Kusan kowa ya yarda cewa ginshiƙin labarin gaskiya ne, domin Juliyas Siza, jagoran yaƙin Rumawa, ya yaƙi ƙasar Gol (yankin da ya haɗa da Faransa ta yau) tun daga shekara ta 58 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma jagoran Golawa Vercingetorix ya miƙa wuya a Alesiya a shekara ta 52. Ƙauyen da ya gagari Rumawa kuwa ƙagaggen abu ne.

2. An ja kunne kada a ɗauki zane a matsayin hujja. Dogayen duwatsun nan da Obelix, abokin Asterix, ke goyawa a bayansa, an kakkafa irinsu a Karnak da ke arewa maso yammacin Faransa dubban shekaru kafin zamanin Golawa.

3. A nan ne ra'ayi ya rabu. Wasu sun ce da gangan aka cakuɗa zamunna, cunkoson kekunan shanu a titunan Lutetiya (tsohon sunan Paris) ma zolayar mutanen Paris na yau ce, don haka gyara ba shi da gurbi. Wasu kuma sun nuna damuwa cewa yaro yakan haddace abin da ya ba shi dariya fiye da darasin aji. Ni dai damuwar nan ta kama ni, shi ya sa na goyi bayan masu cewa babba ya zauna da yaron, taswira a gabansu, su bi shafi-shafi.