Agogon Kawu da maganar auna suga

Kawu Sale: Assalamu alaikum jama'ar gida. Ku taya ni murna, na huta da tsire yatsa. An kawo min tsarabar agogo, da na ɗaura sai ya nuna min suga 5.8, hawan jini ma lafiya ƙalau. Na'urar allura na jefa ta cikin durowa.

Hadiza: Wa alaikumus salam Kawu. Don Allah ka ɗauko ta. A watan Fabrairun 2024 FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ta fitar da gargaɗi musamman kan agoguna da zobba masu iƙirarin auna suga ba tare da huda fata ba. Ta ce ko ɗaya ba ta amince da shi ba.

Bashir: Yaya Hadiza, ku ma'aikatan asibiti duk abin da bai bi ta hannunku ba sai ku kushe shi. Tun 2018 Apple Watch yake ɗaukar zanen bugun zuciya, kuma ita FDA ɗin ce ta ba shi izini. Jami'ar Stanford ta gwada agogon Apple a kan mutum sama da 400,000 don gano rikicewar bugun zuciya, aka fitar da sakamakon a 2019. Wannan ma ƙarya ne?

Hadiza: Ban ce ƙarya ba ne. Amma zuciya daban, suga daban. Juya agogonka ka duba bayansa, za ka ga wani koren haske yana ƙyaftawa. Jini yana shanye hasken nan, to duk bugu ɗaya jijiya ta cika sai hasken da ke dawowa ya ragu, da haka yake ƙirgawa. Suga kuwa ba ya nuna kansa a wannan haske yadda za a dogara. Ko FreeStyle Libre, na'urar auna suga da ake liƙawa a damtse kwana 14, akwai wani siririn zare da yake shiga ƙarƙashin fata yana taɓa ruwan jiki. In ka ga agogo na gaske yana nuna suga, daga irin wannan abin liƙawar ake turo masa lambar.

Kawu Sale: To ni nawa babu abin liƙawa, kuma yana nunawa.

Malam Usman: Ni abin da ya fi damuna fatarmu. A 2020 likitoci a Jami'ar Michigan sun gano cewa ɗan matsin nan da ake sa wa yatsa don auna iskar jini yana kuskuren ganin ƙarancinta a baƙar fata kusan ninki uku na farar fata. Shi ma da haske yake aiki.

Bashir: Malam, wancan na yatsa ne na asibiti, ba agogo ba. Kar mu haɗa su.

Malam Usman: Na yarda binciken ba a kan agogo aka yi ba. Amma in na asibiti ya yi haka, wanda ko sunan kamfani babu a kwalinsa fa?

Zainab: Ku yi haƙuri, Baba ya shiga alwala na ɗauki agogon na ɗaura wa muciyar Umma. Wallahi ya ce sugarta 6.1, bugun zuciyarta 78.

Bashir: Subhanallah. To wannan kam jabu ne, ban kare shi ba. Amma ina nan kan bakana, na kirki suna da amfani. Na Samsung har hawan jini yake kimantawa.

Hadiza: Yana yi, amma duk sati huɗu sai ka sake saita shi da abin awon da ake ɗaurawa a hannu. Kawu, ka auna da allurar yanzu ka turo min kafin ka sha magani.

Kawu Sale: Zainab, wa ya ba ki izinin taɓa min kaya? Hadiza, ga shi na auna, 11.3. Agogon kuma da na mayar hannu ya ce 5.9.

Hadiza: Ka ci wani abu ne kafin awon?

Kawu Sale: Koko da ƙosai biyar kawai.

Hadiza: Ka sake aunawa gobe da asuba kafin ka sa komai a baki. Zan kira ka bayan sallah.